Milimita 120 ya ishe mu a Katsina

Duk wanda ya tambaye ni wane keken daji zai saya, kafin mu kai ga maganar kuɗi ko sunan kamfani sai na tambaye shi inda zai riƙa hawa. In amsar ita ce nan ƙasar Katsina, daga bayan ganuwa zuwa wajen Ajiwa, ko hanyoyin ƙauyukan Mani da Mashi har Daura, to shawarata ba ta canzawa: ya nemi mai shokazoba gaba da baya, amma gajeriya, wadda ba ta wuce milimita 120 ko 130 ba. Abin da ya haura haka kaya ne kawai zai ɗora wa cinyoyinsa.

Ga wanda bai saba da lissafin ba, abin da ake aunawa shi ne iyakar yadda taya za ta lotsa sama idan ta daki dutse ko ta faɗa rami. Kekunan tseren dogon zango suna tsakanin milimita 100 da 120. Na yawon daji na yau da kullum suna kaiwa 130 zuwa 150. Daga 160 zuwa 180 na masu gangarowa daga manyan tsaunuka ne, sai masu 200 waɗanda ba a ma tuƙa su zuwa sama, a mota ake kai su kan tsauni a sako su. Yawancin bidiyon da samarinmu ke kallo a YouTube na waɗannan manyan ne, ana tsalle da su tsakanin itatuwa a Kanada ko tsaunukan Faransa, shi ya sa ido ke fara kaiwa gare su.

To mu kuwa wace irin ƙasa gare mu? Shimfiɗaɗɗiya ce. Ka fita ta Ƙofar Durɓi ko Ƙofar Sauri ka yi ta tafiya, da wuya ka sami gangaren da zai ɗauke ka minti ɗaya cur ba ka taka feda ba. Amma shimfiɗa ba ta nufin laushi. Burjinmu yana da gargadar nan ƙanana a jere da motoci ke bari, mai kaɗa haƙora. Burtali kuma, in shanu suka bi shi da damina ƙasa na jiƙe, sawunsu yana bushewa ya zama ramuka dubu masu kaifin baki, ya zauna haka har wata daminar. Ga sawun amalanke, ga kunyoyin gona bayan an cire amfani, ga fako mai tsakuwa, ga marmara da ruwa ya tone. Can kuma sai ka gangara gulbin da ya ƙafe, ka nitse cikin yashi. Duk waɗannan ƙananan duka ne masu yawa, ba babban duka ɗaya ba. Abin da suke so shi ne shokazoba mai saurin amsawa, ba mai zurfi ba.

Mu Katsinawa ba a koya mana zaɓen doki. Wanda zai yi kilisa da yamma ko ya shiga filin folo ba ya neman ingarman da ake yi wa lifidi ranar hawan Salla. Yana son mara nauyi, mai jin linzami. Keke mai milimita 160 yakan kai kilo 15 ko 16, tayoyinsa masu kauri ne da manyan haƙora, kan nasa a kwance yake don gangara. A kan hanyar da babu gangara, kowane taku sai ka ji wani ɓangare na ƙarfinka ya tafi cikin lilon shokazoba maimakon ya tura ka gaba. Mai 120 kuwa, na alminiyam yakan tsaya wajen kilo 13 zuwa 14 da ɗoriya, na kabon mai tsada ya sauko har 11. Da ka taka sai ya zabura. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma dole ka dawo gida kafin hantsi ya dubi ludayi, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Akwai tseren da nake yawan kafa hujja da shi, Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004. Kwana takwas ake yi, ɗaruruwan kilomita, cikin ƙura da zafi da duwatsu, ƙasar ma ta fi tamu tudu nesa ba kusa ba. Manyan gwanayen da ke cinye shi kekuna masu milimita 100 zuwa 120 suke hawa. In ya ishe su a can, ban ga abin da burtalin Rimi zai nema fiye da haka ba.

Sai dai ba zan ɓoye ba, mutane da yawa ba su ma buƙatar ta baya. In kai saurayi ne, kuɗinka a ƙirge suke, hawanka bai wuce awa ɗaya ba, keke mai shokazobar gaba kaɗai ya fi maka: ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, babu gaɓoɓin da za su ci boris. Ni abin da ya kai ni ga mai biyu ƙugu ne. Shekaru sun fara turawa, kuma ina son doguwar tafiya. A kan gargada, mai shokazobar gaba kaɗai yana tilasta ka ka riƙa ɗaga mazauni daga sirdi, cinya ta zama ita ce shokazobar. Bayan awa biyu sai ka ji bayanka ya sandare, washegari ruku'u ma sai a hankali. Mai ta baya yana barinka ka zauna ka ci gaba da taka feda, tayar baya tana manne da ƙasa ba ta tsalle. Ranar farko da na bi burjin da na saba bi da irin wannan keken, sai na tarar ina kallon gonaki da garken shanu maimakon kallon ramukan gabana. Wannan kaɗai ya biya ni.

Kafin in ci gaba, wani gargaɗi da ke ci mini rai. Akwai kekunan da suka cika kasuwa, masu ƙaton sifirin ja ko rawaya a tsakiya, an rubuta manyan haruffa a jiki. Iyaye suna saya wa yara, wasu manya ma suna saya da zaton sun sami abin da nake magana a kai. Ba shi ba ne. Sifirin ne zalla babu mai a ciki da zai riƙe shi, don haka in ya lotsa sai ya wurgo ka sama. Ƙarfe ne mai nauyi, gaɓar tsakiyar ƙusa ɗaya ce da ke sakin jiki cikin 'yan watanni. Tsohon Raleigh ko Phoenix na iyayenmu ya fi shi amana. Shokazobar gaske iska ake hura mata, akwai mai a cikinta, akwai ɗan maɓalli, yawanci ja, da ke saita saurin dawowarta. In ba ka ga sunan Fox ko RockShox ko SR Suntour ko X-Fusion ko Manitou a jikinta ba, ka ƙara bincike.

Kekunan gasken da suka faɗo cikin wannan ajin na milimita 120 zuwa 130 suna da yawa. Santa Cruz Tallboy yana da 120 a baya, 130 a gaba. Trek Top Fuel 120 a baya. Transition Spur 120 gaba da baya. Giant Trance 29 ya fara da 115 a baya, daga bisani ya koma 120. Akwai Specialized Epic Evo, da Ibis Ripley, sannan a ɓangaren masu sauƙin kuɗi akwai Giant Stance da Polygon Siskiu D, wanda kamfanin Indunusiya ke ƙerawa. Sababbi na ƙololuwa suna haura dala 10,000. Ko mafi arahar ya kai kuɗin sabon babur, shi ya sa kusan dukanmu na hannu muke saye, ko daga dilolin gwanjo na Kano da Legas, ko ta hannun ɗan'uwa da ke waje.

Amma sunan ba shi ne abin dubawa na farko ba. Tambayar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce: in ya lalace, wa zai gyara, kuma da me?

Mai gyaran keken unguwarmu dattijo ne da ya shekara yana ɗaure wayoyin taya tun ina yaro. Hannunsa yana da albarka, in ya daidaita maka rim sai ka rantse sabo ne. Da na fara kai masa wannan keken, ya zagaya shi, ya danna sirdi ya ga bayan ya lotsa ya dawo a hankali, ya ce, "Alhaji, taya da sarƙa da waya duk nawa ne. Amma wannan tulun na tsakiya, kada ka ba ni, kada ka ba kowa a garin nan." Na ce, "Baba, to wa zan ba?" Ya ce, "Kai za ka koya." Gaskiya ya faɗa, kuma a kanta na gina duk sauran shawarwarina.

Babban abokin gabar irin wannan keke a wurinmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu yana sauke wata ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Tana kwanciya a kan sandunan nan masu sheƙi na fok, wato shokazobar gaba, robar da ke bakin ta share wadda za ta iya, sauran ta shige ta gauraya da mai ta zama abin goge ƙarfe. RockShox sun ce a buɗe ƙafafun fok a canza mai bayan kowace awa 50 ta hawa, babban gyara kuma a awa 200. Fox sun ce awa 125 ko shekara guda. Ni da rani ba na jira awa 50 ta cika. Aikin ba shi da wuya: ƙusoshi biyu a ƙasa, a zare ƙafafun, a wanke, a jiƙa soson da ke ciki da mai, a zuba adadin da littafin ya ce, a mayar. Wanda ya iya canza baƙin man janareta zai iya. Saboda haka nake cewa a zaɓi fok da shokazoba na gama-gari, irin su RockShox Recon, Revelation, Pike, SID, ko Fox 34, waɗanda robobinsu ke samuwa a kowane shagon intanet kuma bayanin gyaransu yana ko'ina. Akwai masu fasaha ta musamman, kamar Brain da ke kan tsofaffin Specialized Epic ko fok mai ƙafa ɗaya na Cannondale da ake kira Lefty. Suna aiki da kyau a inda akwai masu gyaransu. Mu nan babu, don haka ko an yi maka araha ka yi tunani sau biyu.

Sai gaɓoɓi. Bayan keken yana motsi ne a kan boris, wasu takwas, wasu fiye. Kowane ɗaya ƙofa ce ga ƙura. Ƙirar da ta fi burge ni ita ce wadda aka cire gaɓar kusa da tayar baya, aka bar sandar kanta tana ɗan lanƙwasa, kamar ta Spur da Epic Evo da Stance. Boris ya ragu, aiki ya ragu. Kafin ka biya, ka nemi lambobin boris ɗin keken. In ka ga irin 6900, 6902, 6802, ka ji daɗi, domin girma ne na gama-gari da masu kayan injuna ke da shi, ko da ba irin mai cike da ƙwallaye da kamfanin ya sa ba ne. Zai riƙe ka kafin na asalin ya iso. Haka wurin da sandar feda ke juyawa: mai zare da ake kwancewa da sifana ya fi wanda ake dannawa da ƙarfi, don Baba ma zai iya canza maka shi.

Firam kuwa, wato gangar jikin keken, alminiyam nake so. Kabon ya fi rashin nauyi, amma keken da za a ɗaure a saman motar haya daga Kano, a jingina shi da buhunan hatsi, yaro ya kayar da shi a zaure, gara wanda in ya bugu za ka ga lotsawar da idonka. Kabon yana iya tsagewa ta ciki fenti yana lafiya lau. Kada kuma wani ya ce maka mai walda zai ɗinke alminiyam ɗin keke ya koma yadda yake. Bayan walda sai an sake gasa shi a masana'anta kafin ƙarfinsa ya dawo. Firam mai tsaga, a bar shi kawai.

Birki, ina karkata ga Shimano, saboda takalmansa sun fi samuwa kuma zubar da iskarsa abu ne mai sauƙi. Abu ɗaya da za a kiyaye: man da ke cikinsa ba man birkin mota ba ne. In aka zuba masa na mota, robobin ciki za su kumbura, birkin ya mutu. Yawancin tsofaffin birkunan SRAM su ne ke shan irin na mota. Giya kuma, Shimano Deore mai faranti ɗaya a gaba da 12 a baya, haƙora 10 zuwa 51, ya wadatar har ya yi yawa. A ƙasarmu manyan farantan nan na hawan tudu ba sa ma tsufa.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a saurara, wato taya. Wanda bai shirya wa ƙaya ba, ko keken miliyan goma ya saya, turawa zai yi ya dawo gida. Ƙayar aduwa doguwa ce mai ƙarfi, tana huda taya kai tsaye. Bagaruwa da farar ƙaya da magarya suna zubar da tasu a gindi, masu shingen gona kuma suna jawo rassan su bar guntaye a kan turba. Mafi ɓarna ita ce tsidau, 'yar ƙaramar nan mai ƙahoni da ke shimfiɗe a ƙasa, wadda ko ta yaya ta faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Ka bi ta wuri ɗaya ka kwashi goma. Da tiyub a ciki, sai ka ƙare a wurin mai faci kullum. Maganin shi ne tubles: a cire tiyub, a liƙe cikin rim da tef, a zuba farin ruwan nan mai kama da madara. Ƙaya ta shiga, ka zare ta, ka ji "fiss", ka juya tayar, ruwan ya toshe ramin kafin ka gama salati. Na taɓa cire taya don canzawa na shafa cikinta, tsinin ƙayoyi birjik kamar an shuka su, kowanne da ɗan dunƙulen roba a gindinsa, kuma babu ɗaya da ya tsayar da ni a hanya. Don haka ka tabbata rim da tayar keken da za ka saya masu karɓar tubles ne. Ka kuma sani zafinmu yana busar da ruwan da wuri. Abin da zai yi wata shida a Turai, a nan ka duba shi bayan wata biyu. Ka girgiza tayar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba, ka ƙara.

Girman taya, inci 29, faɗi 2.35 ko 2.4. A cikin yashi shokazoba ba ta taimaka maka da komai, faɗin taya da ƙarancin iska ne ke ɗaga ka. Ina sa iska tsakanin 20 da 25 a ma'aunin PSI na famfo, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Mai faci in ka bar shi zai dura mata iska har ta yi tauri, da kyakkyawar niyya, don haka ya saba yi wa kowane keke.

Wannan ya kawo ni ga famfon shokazoba, ɗan ƙarami mai agogo da ke kaiwa PSI 300. Kada ka karɓi keke ba tare da shi ba, ko ka saya a ranar. Bakin hura iskar shokazoba iri ɗaya ne da na tayar mota, don haka injin mai faci zai shiga, amma ba zai ba ka adadin da kake so ba, kuma tulun ƙarami ne ƙwarai. Saitin kansa ba wuya. Akwai zoben roba a jikin sandar shokazoba. Ka tura shi har ya manne da bakin tulun, ka hau keken a hankali da kayan da kake hawa da su da gorar ruwanka, wani ya riƙe maka kai, ka sauka ba tare da ka yi tsalle ba. Zoben ya kamata ya matsa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon sandar. In sandar milimita 45 ce, kana neman 11 zuwa 13 da rabi ke nan. A gaba kuma kashi 15 zuwa 20. Mutane da yawa da ke cewa irin wannan keken yana shan ƙarfi, iskar ce ba su taɓa saitawa ba.

In na hannu za ka saya, ka je da rana, ka je da tsumma. Ka share sandunan fok da ta shokazoba ka duba: in launin ya goge har farin ƙarfe ya fito, ko akwai ƙarzuwar da farce ke kamawa, kuɗin gyaran ya kusa rabin kuɗin keken. Ka kama sirdi ka ɗaga shi kaɗan kaɗan tayar baya tana ƙasa, in ka ji "ƙwas ƙwas" akwai gaɓar da ta saki. Ka riƙe tayar baya ka kaɗa ta hagu da dama. Ka danna bayan da ƙarfi ka sake, ya dawo a natse ba tare da ƙarar tsotsar iska ba. Ka juya keken ka haska duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuya da wajen feda. Ka guji masu taya inci 26 komai kyansu, zamaninsu ya wuce kuma tayoyi masu kyau na wannan girman sun yi wuya. Girman firam kuma kada ka yarda da "za ka saba". In ya yi maka tsawo ko gajarta, ba za ka saba ba, wuyanka da gwiwarka ne za su biya.

Wasu suna tambayata me ya sa mai halin sayen babur zai zuba kuɗi a keke, don har yanzu a wurinmu keke alamar rashi ce. Nakan ce su biyo ni bayan sallar Asuba sau ɗaya, lokacin da iska ke da sanyi, mata na fitowa da ƙoren nono, manoma na ɗaga maka hannu kana amsa gaisuwa da numfashinka. Inda nake bi dai gabas ne da arewa maso gabas. Yammacin jihar, wajen Batsari da Safana da dajin Rugu, akwai wuraren da zuciyata ke so, amma halin tsaro bai bari ba, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ko a inda ake zaman lafiya ba na fita ni kaɗai zuwa nesa, kuma da damina ba na ratsa gonar mutum, komai gajartar hanyar.

Abu na ƙarshe, kada ka kashe duk kuɗin a kan keken. Ka rage abin da zai sayi kayan ajiya, a sako su tare a kwali ɗaya: ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya, wanda aka yi shi don ya karye a madadin firam, guda biyu, domin kusan kowane keke da irin nasa, sai dai sababbin da suka koma na bai ɗaya da SRAM ta fito da shi mai suna UDH. Sai takalman birki, sarƙa ɗaya, saitin robobin fok da na shokazoba, man fok, babbar kwalbar ruwan tubles, da hular kwano. Man sarƙa kuma ka nemi busasshe mai kakin zuma, kada ka bari a ɗiga mata baƙin mai, yana kama yashi ya cinye haƙoran giya. Wanki da bokiti da soso a tsakar gida, ba a wurin wankin mota ba, don ruwan injinsu yana kore giris daga cikin boris.